Kada A Yi Musu Allura Sai Na Zo

Har yau ba na son warin fomalin. Shekara da shekaru ina aiki da shi, ya ci a ce hancina ya saba, amma da an fasa kwalbarsa a ɗakin gwaji sai in kawar da kai, in ji kamar ina tsaye a bakin dajin Falgore da laka a takalmina. Ɗalibaina suna ɗauka tsabar iyayi ne irin na malamai mata. Ni kuwa ba na gyara musu.

Ni 'yar Tudun Wada ce. Babana manomi ne, masara da shinkafa. Innata kuwa Bafulatana ce, daga wata ruga gaba da Burumburum, ta inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara. Yayanta, wanda muke kira Kawu, shi ke riƙe da garken gidansu. Mahaifiyarsu ta rasu saura wata biyu in zo duniya, don haka da aka haife ni aka mayar mini da sunanta. Tun daga ranar Kawu bai taɓa kama sunana ba. Dada yake ce mini, wato uwa da Fulatanci, tun ina zanen goyo har na yi furfurar farko. Ranar suna ya ba ni karsana fara, ta yi ta haihuwa a garkensa, 'ya'ya da jikoki.

Mutane suna ɗaukar wannan abu wasa, kuma rabinsa wasan ne. Ina 'yar shekara biyar in na je ruga na ce, "Kawu, zauna," sai ya zauna a ƙasa yana dariya. Akwai ranar da aka kama zakara za a yanka mana, na sa kuka na ce ba za a yanka ba. Kawu ya ce a sake shi, Dada ta hana. Matarsa, Goggo, ta yi ta faɗa, ta ce to baƙi su ci iska ke nan? Zakaran nan sai tsufa ne ya kashe shi. Muka yi ta ba da labarin shekaru muna dariya, ba wanda ya ga wani abin tsoro a ciki, har da ni.

Abin da na karanta a jami'a a Kano, digiri na uku, yana da wuyar faɗa a gida. Inna ta tambaye ni ya fi a ƙirga, kullum sai ta ƙare da, "To, Allah ya sa a gama lafiya." Ga shi dai a taƙaice. Ƙudan tsando yana cizon saniya ya zuba mata wata ƙwayar cuta a jini, ita ke kawo sammore. Ƙwayar nan shegen wayo gare ta: da jinin saniya ya gane rigarta ya fara yaƙar ta, sai ta tuɓe ta sa wata. Umarnin ɗinka kowace riga yana rubuce a jikin wani dogon zare da ke can cikin cibiyar ƙwayar, wanda ake kira DNA. Zaren ba a sake yake ba. A naɗe yake jikin wasu ƙananan dunƙulen furotin da ake kira histon, kamar yadda kakata ta wajen uba ke naɗe zaren auduga a jikin mazari. Inda aka naɗe tamau ba a iya karanta umarnin, inda aka sassauta ana karantawa. Akwai kuma wasu furotin da ke zuwa su kama histon ɗin, su matse ko su sassauta. Aikina shi ne in gano wa ke riƙe da wa, kuma a wane wuri a jikin zaren.

Matsalar ita ce riƙon ba ya daɗewa. Da ka fitar da ƙwayar daga jikin dabba sai su fara sakin juna. Dole ka kama su suna cikin yi. Ka ɗebi jini, kafin ya huce ka zuba masa fomalin, ka jira minti goma cif. Fomalin zai ƙamar da komai yadda ya same shi, duk furotin da ke riƙe da histon ya manne a nan. Sai ka zuba wani ruwa da zai kashe kaifin fomalin ɗin, ka sa a ƙanƙara, ka ruga ɗakin gwaji. A can ka ware ƙwayoyin cutar daga jinin, ka fasa su, ka sa wani inji mai tsinanniyar ƙara ya kakkarya zaren guntu-guntu. Daga nan sai ƙugiya. Haka nake kiran antibodi, wani abu da ake haɗawa don ya kama furotin iri ɗaya tak. Ka jefa shi ya kamo wanda kake nema, haɗe da histon da guntun zaren da yake riƙe da su, ka jawo su da maganaɗisu, ka wanke, ka duba abin da ka kamo.

Yawancin masu wannan aiki da ƙwayoyin da aka rena a jikin ɓeran ɗakin gwaji suke yi. Malamina, Farfesa, ya ce shi yana son a ga abin a jinin saniya kai tsaye, a inda cutar ke ɓarnarta. Wannan yana buƙatar saniyar da jininta ya cika da ƙwayar. Allurar sammore kuwa, in an yi ta da wuri, kwana ɗaya zuwa biyu take share jinin tas. Saniya ta warke, ni kuma na rasa abin dubawa. Shekara biyu ina bin kasuwannin shanu da mayanka, duk dabbar da na samu sai a ce ai jiya aka yi mata allura. Makiyayi ba ya jiran kowa. Da ya ga gashin saniya ya tashi, ido na hawaye, ya sayo magani ya yi abinsa.

Wata rana cikin damina, masara ta fara kai ƙugu, muna waya da Inna sai ta ce, "Kawunki ma bana sammore ya taɓa masa shanu. Ya ce tsando ya yi yawa a bakin rafi."

Allah ya yafe mini, murna na yi. Wallahi murna, har na miƙe tsaye.

Babu sabis a rugar Kawu. Sai ranar Juma'a in ya shigo gari masallaci ake samun sa. Na jira Juma'a kamar mai jiran sallah, ana sallame salla na kira. Muka gaisa doguwar gaisuwa, gida, ruwa, gajiya, shanu. Sannan na ce na ji sammore ya shigo garke.

"Kaɗan ne, Dada," in ji shi.

"Guda nawa?"

Ya yi 'yar dariya. Na san ba a tambayar Bafulatani yawan shanunsa, masu lafiya ko marasa lafiya, amma boko ya riga ya cinye mini wannan kunyar. Ya sake cewa, "Kaɗan ne."

"An yi musu allura?"

"Yau na sayo maganin. Yana aljihuna. Gobe da safe in Allah ya kai mu."

Na ce, "Kawu, don Allah kada a yi musu allura sai na zo. Zan ɗebi jininsu ne, aikin makaranta. Sati biyu kawai. Da na ɗiba sai a yi."

Ina jin hayaniyar ƙofar masallaci a bayansa, masu rake da masu turare, da ƙarar babura. Na duba waya ko layin ya yanke.

"To, Dada," ya ce.

Sati biyu ba ƙarya na yi ba, a lokacin haka na zata. Saniya mai sammore tana iya jure sati biyu, wannan na sani daga littafi. Ƙugiyata tana hanya daga ƙasar waje, an ce mini kwana goma. Amma a kwana na takwas babban firjin ɗakin gwajinmu ya mutu, wanda ke daskarar da abu fiye da ƙanƙara nesa ba kusa ba. In yana aiki, da sai in je in ɗebo jinin, in ƙamar da shi, in ajiye in jira ƙugiya a tsanake. Da ya mutu, ba wurin ajiya. Dole ranar da na ɗebo jini ranar zan fara aiki a kansa, ke nan sai komai yana hannu. Ƙugiyar ta iso a sati na uku, na buɗe kwalin da hannuna. Ƙanƙarar da aka sa mata ta daɗe da narkewa a hanya, kwalbar da ɗumi kamar an ɗauko ta daga aljihu. Ta lalace. Na zauna a kan kujera na zagi duk wanda ya zo bakina, daga mai jirgi har mai gyaran firji. Aka sake yin oda.

Kowace Juma'a ina kiran Kawu. Wannan ita ce shaidar da na riƙa ba kaina, cewa ai ina kira.

"Kawu, ina wuni? Ya gida?"

"Jam tan, Dada. Lafiya lau."

"Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Ya shanu?"

"Alhamdulillahi."

"Ina nan tafe, Kawu, wani abu ne ya ɗan tsaya."

"Allah ya kawo ki lafiya."

Shi ke nan, in ajiye waya da sanyin zuciya. Amma ni ba baƙuwa ba ce. A ƙasar nan aka haife ni, na san yadda muke gaisuwa. Ko da gawa a ɗaki lafiya lau za a ce maka tukuna. Bahaushe ma in an gama yakan ƙara da "sai dai jikin wane". Kawu ko "sai dai" ɗin ba ya da shi, a wurinsa kai kuka rashin kunya ne, balle ga wadda yake kira uwa. Wanda yake son ya san gaskiyar garken Kawu sai ya bari gaisuwa ta ƙare, ya nisa, ya sake tambaya daban, ya kuma sake. Ni kuwa a cikin gaisuwar nake cusa tambayata, in karɓi amsar da na san za a ba ni, in gudu.

Duk ranar kasuwar Tudun Wada Goggo takan aiko wa Inna ƙwaryar kindirmo da curin man shanu, tun kafin a haife ni ake haka. A sati na huɗu Inna ta ce mini, "Bana nonon Goggonki ya yi ƙaranci, rabin ƙwarya ta aiko." Na ce ai damina ce, hanya ba kyau. Ko ni da na faɗa na san shirme ne, da damina nono ya fi yawa. A sati na biyar ba a aiko komai ba. Inna ta ƙara da cewa maƙwabcinmu ya ga Kawu a kasuwa tsaye da wani mahauci, sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Kawu ba ya hulɗa da mahauta. Ko sa zai sayar, a tsaye yake sayar da shi ga mai kiwo, ya juya baya kada ya ga tafiyarsa.

Na ce wa Inna, "Wataƙila gaisawa suke."

Ta ce, "Uhm." Ita ba ta san abin da na ce wa yayanta ba. Ban gaya mata ba. Farfesa ma ban gaya masa ba. Shi a saninsa zan je ne in tarar da dabba marar lafiya, in ɗebi jini, a yi mata allura nan take, kamar yadda muka rubuta a takardar neman izini. Da ya san na ce a jira, da ya kore ni daga ofishinsa da ihu, kuma da ya yi daidai.

Juma'ar sati na shida, muna tsakar gaisuwa sai na ji an yi kokawa da wayar, muryar Goggo ta shigo. Ashe ta biyo shi gari. Goggo abokiyar wasana ce, tunda ni uwar mijinta ce a suna, kullum in ta kama ni sai ta ce surukarta marowaciya ce, ko sabulu ba ta saya mata. Ranar babu wasa a muryarta.

"Dada," ta ce, "wai yaushe ne za ki..."

Sai na ji Kawu ya faɗi wata kalma guda da Fulatanci, a hankali, ba tsawa. Wayar ta koma hannunsa.

"Gaishe ki take yi," in ji shi.

Na riƙe wayar a kunnena. Abin da ya kamata in faɗa gajere ne: Kawu, a yi allurar. A bakina yake, wallahi a kan harshena. Amma an aiko mini saƙo da safiyar ranar cewa sabuwar ƙugiya ta taso, kwana biyar za ta iso, mai gyara kuma ya samo abin da ya ƙone a firji. Shekara biyu na yi ina neman jinin nan. Na ce a raina, haba, wane makiyayi ne zai zuba ido shanunsa su mutu saboda maganar wata yarinya 'yar boko? Ai ya daɗe da yin allurarsa, kunya ce ta hana shi faɗa. In kuwa bai yi ba, to kwana biyar ba wani abu ba ne. Na riƙe duka biyun a lokaci guda, ban damu da cewa suna karo da juna ba.

"A gaishe ta," na ce. "Sati mai zuwa ina nan."

Ƙugiyar ta iso lafiya, an kuma gyara firji. Ranar Laraba ta sati na bakwai na taso daga Kano da asuba. Kula cike da ƙanƙara a kan cinyata, jaka da sirinji da kwalabe da ƙaramin madubin duba jini mai aiki da hasken rana. Muka wuce Kwanar Dangora gari ya waye sosai, masara ta yi goyo hagu da dama. A Tudun Wada ban ko shiga gida ba, don kada ƙanƙara ta narke, haka na gaya wa kaina. Na hau wata motar zuwa Burumburum, daga nan na ɗauki ɗan acaɓa, wani dattijo da ya san rugar. Hanyar duk laka ce, sau biyu muna sauka muna turawa. Da muka kusa ya ce mini, ba tare da ya waiwayo ba, "Ke ce likitar da suke jira?"

Na ce ni ba likita ba ce.

Ya ce, "Ayya."

Abin da na fara lura da shi shiru ne. Rugar Kawu da hantsi ba a jin maganar juna, maruƙa na kuka, uwaye na amsawa, Goggo na faɗa da kaji. Ranar sai ƙudaje. A gefen bukkoki an shanya fatu a kan itace, fara da fara da ja, ba su gama bushewa ba saboda ruwa, warinsu ya cika wurin. Na kawar da kai sai idona ya faɗa kan dangwali, doguwar igiyar da ake ɗaure maruƙa a jere, kowane da madaukinsa. Madaukan suna kwance a ƙasa cikin laka. Maruƙa uku ne kawai a can ƙarshe, a kwance, kai a ƙasa. Su Kawu ba sa ƙirga dabbobinsu, ni kuwa ƙirga ce sana'ata. Idona ya ƙirga madaukan da ba kowa kafin in hana shi, kuma ba zan faɗi adadin a nan ba.

Goggo ta fito daga bukka. Ta rame. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ba ta tsallake komai ba, ba ta kuma kalle ni ba. Ta koma ta dawo da ƙwarya ta ajiye a gabana. Na buɗe faifan. Ruwa ne. Tunda nake zuwa rugar nan ba a taɓa tarbata da ruwa ba, ko da rani ne, ko saniya ɗaya ake tatsa. Ban iya sha ba.

Kawu ya zo daga bayan ruga da sandarsa a kafaɗa, da ɗaurin ɗanyar ciyawa a ka. Ya sauke, ya wanke hannu, ya durƙusa nesa kaɗan kamar yadda ya saba yi mini.

"Dada, kin zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen birni?"

Na ce, "Kawu, ba a yi allurar ba?"

Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro wani ƙunshin leda. Ya kwance a hankali. Fakitin maganin ne, takardunsu sun yi laushi sun yi baƙi don zufa da yawan taɓawa, ko ɗaya ba a yaga ba.

Nan fa na tashi. Ni da ma ba ni da haƙuri, kuma babu mai ihu kamar marar gaskiya. Na yi wa yayan mahaifiyata tsawa a gaban matarsa. Na ce haba Kawu, haba! Kana kallo suna faɗuwa? Me ya hana ka gaya mini? Kullum ina kira, kullum lafiya lau, lafiya lau, wannan ce lafiyar? Kai ba ka fi ni sanin shanu ba? Don na ce a jira sai a jira har garke ya ƙare?

Ya bari na gama. Bai ɗaga kai ba.

"Kin ce sai kin zo," ya ce. "Ga shi kin zo."

Goggo ce ta yi magana daga bakin bukka, ba da ni take ba, da iska take. "Ranar da ta farko ta faɗi na ce masa ya yi. Ranar da ta biyu ta yi ɓari na ce masa ya yi. Ya ce uwarsa ba ta taɓa hana shi abu ba sai da dalili."

Kawu ya miƙe ya ce in zo. Na ɗauki kula na bi shi, ban san ma na ɗauka ba. Muka wuce sauran shanun a tsaye a inuwa, ƙasusuwan baya a waje, gashin wutsiya ya zube, wata tana lasar ƙasa. Ya bayyana mini muna tafe, da murya irin ta mai ba da labarin gonar wani. Duk wadda ta kwanta ya ga ba za ta tashi ba, sai a yanka kafin ta zama mushe, mahauci ya zo da babur ya kwashe. Amma akwai guda da ya hana a taɓa.

Tana ƙarƙashin wata ɗorawa. Fara ce, ƙahonta na hagu ya lanƙwasa ƙasa, na gane ta nan take, jikar karsanar sunana ce. An tokare ta da kututture ta gefe biyu don kada ta kife. Kwana tara tana kwance, in ji shi. Kullum da safe shi da Goggo suke juya ta, ya yanko mata ciyawa ya sa mata a baki, ya ɗebo ruwa daga rafi.

"Ita ta fi jin jiki," ya ce. "Na ce ita za ta fi yi miki amfani. Kuma taki ce."

Ya tsuguna ya fara yaga fakiti. Sai ya tsaya, ya ɗago ya dube ni a karo na farko tun zuwana.

"Yanzu a yi, Dada?"

Ina so in iya rubuta cewa na ce a yi, na zubar da ƙanƙarar, na koma gida hannu wofi. Ba haka aka yi ba. Na ce, "Bari in ɗiba tukuna."

Ya riƙe mini kanta, ya danne jijiyar wuya da babban yatsa, ya fi ni iyawa. Jinin ya shigo sirinji tsararo, ba ja sosai ba, kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Na ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi na leƙa madubi. Ban taɓa ganin irinsa ba, ko a hoton littafi. Ƙwayoyin cutar sun fi ƙarfin ƙirga, suna ta wutsil-wutsil suna ture ƙwayoyin jini, wurin duk yana motsi. Na fasa kwalbar fomalin, warin ya tashi ya haɗu da warin fatu. Na zuba, na danna agogon waya. Minti goma. Kawu yana can yana dama magani a kwalba, yana yi wa farar allura, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Ni kuwa idona a kan agogo, ina juya kwalbar a hankali yadda aka koya mini, don in minti goma ya zama sha biyu aikin ya ɓaci. Hannuna bai yi rawa ba ko kaɗan. Wannan ya fi komai ba ni tsoro in na tuna.

Na ɗebi na wasu huɗu. Muka bi garken ɗaya bayan ɗaya da allura har azahar, ni da shi. Sannan na hau babur, don ƙanƙara ba ta jira. Daga baya Inna ta gaya mini an yanka farar washegari da safe, allurar ta zo mata a makare. Cikin sauran wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba. Da Inna ta ji abin da na ce wa yayanta, ta yi wata biyu ba ta ɗaga wayata, kuma ban ga laifinta ba.

Aikin ya yi kyau. Wannan ma sai na faɗa. Kwana huɗu ina kansa: na ware, na fasa, na kakkarya, na jefa ƙugiya, na jawo da maganaɗisu, na wanke sau shida. Da sakamakon ya fito Farfesa ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce shekararsa ashirin a aikin nan bai ga abu tsaf haka ba. Ga furotin ɗin nan riƙe da histon a daidai wurin da muka zata, ba datti, ba tantama. Na sauran shanun huɗu ya fito dishi-dishi. Na farar ne ya fito raɗau, shi ne hoto na uku a kundin digirina, shi ake nunawa in an gayyace ni magana. Farfesa ya tambaye ni inda na samo dabba mai ƙwayar cuta haka. Na ce a garken kawuna. Ya ce na yi sa'a.

Juma'ar da ta biyo bayan fitowar sakamakon ban kira ba. Na ajiye wayar a kan tebur ina kallon ta har aka sauko daga masallaci. Sai ta yi ƙara da kanta. Kawu bai taɓa kirana ba, kullum ni ke kira.

Muka gaisa. Gida lafiya, ruwa ya yi gyara. Ban tambayi shanu ba, ba ni da bakin. Gaisuwa ta ƙare, na jira ya yi sallama. Sai na ji ya nisa, ya gyara murya, ya sake tambaya daban.

"Dada, jinin ya yi miki?"

Na ce, "Ya yi, Kawu."

"Ya yi sosai?"

"Sosai."

"To madalla," ya ce. "Da ma tsorona kada ya zama ba mu jira yadda ya kamata ba."